Tambayoyinku: Ina Bar Beach ya tafi, kuma wa ya sa wa teku get?

Tun bayan Sallah saƙonni ke ta shigowa kan magana ɗaya, wato bakin teku, yawanci daga 'yan'uwanmu mazauna Legas da Ghana. Toh na zaɓi shida da suka kama hanya ɗaya, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Funtuwa ne ina sana'a a Agege. Muna yara babanmu yana aiki a Obalende, duk yawon Sallah Bar Beach yake kai mu, ba get ba tikiti, mu hau doki mu ci tsire mu dawo. Bana na kwashi iyalina na ce bari su ma su ga teku, wallahi Bar Beach ɗin ma babu shi, muka wuce Lekki ko'ina katanga da mai yankan tikiti, kuɗin shigan mutum ɗaya ya fi kuɗin motar da ta kawo mu gaba ɗaya, har kular abincin da maiɗakina ta dafa sai an biya mata. Haka muka juyo, ƙaramar 'yata tana ta kuka tana jin ƙarar ruwan amma ba ta gan shi ba. Don Allah ina Bar Beach ya tafi, kuma wa ya sayar da teku?

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya huci zuciyarka, ka ba yarinyar haƙuri, abun da ciwo. Bar Beach ba rana ɗaya ya ɓace ba, an fi shekara ɗari ana cin shi kaɗan kaɗan, kuma sai ka san yadda yashi ke tafiya kafin labarin ya shiga kai.

Mu 'yan tudu muna ɗauka yashin bakin teku a zaune yake, alhali tafiya yake dare da rana. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa ba ta bugowa kai tsaye, a karkace take zuwa daga kudu maso yamma, sai ta ɗebi yashi ta ajiye shi ɗan gaba ta gabas, wata ta zo ta ƙara tura shi, haka har abada. Muddin abun da ke shigowa daga yamma ya kai abun da ke fita ta gabas, toh gaɓa tana nan inda take. Sai tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka miƙa dogayen katangun dutse cikin teku a bakin mashigar tashar jiragen ruwan Legas, don kada yashi ya riƙa toshe wa jirage hanya. Jirage kam sun samu hanya. Amma yashin da ke tahowa daga wajen Badagry sai ya riƙa tsayawa ta yamma da katangar yana taruwa, shi kuma Bar Beach da ke gabas ruwa na ɗiba ba a mayar masa. Masu bincike sun auna akwai lokutan da teku ke cin mita 25 zuwa 30 a shekara ɗaya a wajen.

Daga 1958 aka fara zuƙo yashi ana zubawa, ruwa ya kwashe, a sake ba da kwangila a sake zubawa, ya sake kwashewa. Waɗanda suka zauna Victoria Island farkon shekarun 2000 za su gaya maka yadda ruwan teku ke hawowa kan titin Ahmadu Bello yana shiga gidajen gwamnatocin jihohi da ke jere a wajen. Toh a 2008 aka fara aikin sabon birnin Eko Atlantic, aka yaso yashi daga ƙasan teku aka shiga cike wajen da aka tsara faɗinsa zai kai kusan murabba'in kilomita 10, aka kare shi da katangar da aka tsara za ta wuce kilomita 8, an jera mata curin kankare kowane ɗaya nauyin tan 5. A 2013 shugaba Jonathan da Bill Clinton suka je bikin wajen. Inda babanku ke ɗora ku kan doki yanzu yana ƙarƙashin titunan sabon birnin nan.

A yi adalci, katangar ta kare Victoria Island daga ambaliyar teku, wannan ba wanda zai musa. Abun da ke damuna shi ne an ɗauki waje ɗaya tilo da ɗan dako da babban darakta ke haɗuwa ba takalmi, aka mai da shi filin sayarwa, kuma a duk faɗin nan ba a yanke wa jama'a ko kilomita ɗaya na yashi a madadin nasu ba. Ga shi yunwar yashin ba ta ƙare ba, gaba ta matsa. A watan Agustan 2012 ruwa ya taso cikin dare a bakin tekun Kuramo da ke gefen Bar Beach aka ruwaito ya tafi da mutum 16, bayan nan aka rushe bukkokin wajen. Can gabas a Alpha Beach da Okun Alfa teku ya cinye gidaje da hanya da itatuwan kwakwa, mutanen garin da wasu masana suna cewa sabuwar katangar ta ƙara abun, masu aikin kuma sun ce ba haka ba ne, gwamnatin jihar dai ta bi gaɓar Lekki da jerin duwatsun tare yashi.

Batun wa ya sayar da teku kuwa, ba wanda zai fito ya ce teku nashi ne, dabarar ita ce a sayi filin da ke bayan yashin, wannan ya ja katanga, maƙwabcinsa ya haɗe da tashi, kafin ka ankara kilomita da yawa ba ko lungun da mutum zai ratsa, toh ba ka da hanya sai ta get ɗinsu. Kuma mai get ɗin ma bai tsira ba, a ƙarshen Afrilun 2024 katafila ta shiga Landmark Beach saboda titin Legas zuwa Kalaba mai kusan kilomita 700. Talakawan gaɓa kuwa sun riga shi ɗanɗanawa, masuntan Otodo Gbame wajen mutum 30,000 aka tasa tsakanin 2016 da 2017, na Tarkwa Bay kuma a Janairun 2020.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina karanta tsara birane a Zariya, an ba mu aikin zana wajen shaƙatawa a bakin teku kuma ni ko tekun ban taɓa gani ba. Malaminmu ya ce dole zanen ya kare muhalli kuma ya bar mutanen gari su shiga, ni kuma gani nake abu biyun nan ba sa haɗuwa, in mutane sun yi yawa ai ɓata wajen za su yi.

AMSA: 'Yata suna haɗuwa, kuma abu ɗaya ne ke haɗa su, ja da baya. Kafin ki zana kujera ko fitila ko furanni, fara jan layi ki ce daga nan zuwa ruwa ba a zuba siminti. Da yawa daga irin ɓarnar da na lissafa a sama daga nan take farawa, mutum ya gina otal dab da ruwa don baƙi su ga teku ta taga, ruwa ya matso, ya ce a yi masa katangar kariya, igiyar ruwa ta bugi katangar ta koma da ƙarfi tana yashe gindinta, shekara kaɗan busasshen yashin da ke gabanta ya ƙare, shikenan kunkuru ba wajen ƙwai, masunci ba wajen jawo kwalekwale, yaro ba wajen gudu. Ranar da aka kori ɗaya ranar aka kori sauran.

Ki duba dokar gaɓar teku da Sifaniya ta yi a 1988. Ta ce yashin bakin teku na jama'a ne ba a mallakarsa, mita 100 daga gaɓa ba a gina gidan zama, sai a tsofaffin unguwannin da gini ya riga ya cika aka rage zuwa 20, sannan mita 6 na farko dole a bar wa masu wucewa. Wanda na fi so shi ne inda ta ce a cikin gari hanyar ƙafa zuwa bakin ruwa kada ta wuce mita 200 tsakaninta da 'yar'uwarta, ta mota kuma 500. Wannan ai burtali ne, yadda manoma ke barin hanya tsakanin gonaki don shanu su kai mashaya, kuma kin san abun da ke biyo baya a ƙauyukanmu in aka nome burtali. Faransa ma tun 1976 ta tilasta wa masu filaye a bakin teku barin mita 3 don masu tafiya a ƙasa, kuma tun 1975 tana da hukumar da aikinta kawai sayen filayen gaɓa ta ajiye kada a taɓa gina su.

Bayan layin sai tudun rairayi. Wannan tudun da ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe shi ne ajiyar gaɓa, in guguwa ta zo ruwa ya ci daga jikinsa, in ta lafa iska ta sake tara shi, ba kwangila ba kuɗi. Abun da ke kashe shi tafin ƙafa ne da tayar mota, da zarar ciyawar ta mutu iska ta buɗe ɓaraka toh ta nan ruwa zai shigo. Don haka ba hana mutane za ki yi ba, gadar katako za ki ɗora sama da tudun a kowace mashiga, mai faɗin da keken guragu zai bi, ki ja igiya ko shingen kara a gefe, mutum in ya ga hanya mai sauƙi da kanshi zai bi ta. A Durban ta Afirka ta Kudu, inda har 1989 akwai allunan da ke hana baƙar fata taka wasu gaɓoɓin, sun faɗaɗa hanyar tafiya a bakin teku kafin gasar kofin duniya ta 2010 suka kuma sake dasa tsirrai a tuddan suka kewaye su, yau dubban mutane ke cika wajen kyauta kuma tuddan na nan.

Sauran duk ki kai su baya, wajen ajiye motoci, banɗaki, rumfunan masu abinci, kuma rumfunan su zama na katako da za a iya ɗagawa in ruwa ya matso. Banɗakin nan kar ki raina shi, in babu shi yashin ne zai zama banɗaki, kuma kar ramin ya zama inda zai tsiyaya cikin ruwa. Ki sa inuwa, ki sa famfon ɗauraye ƙafa da wajen alwala da ɗan filin sallah, ki sa hasumiyar masu ceto da tutar da ke nuna inda aka yarda a shiga, domin tekun Legas yana da wata muguwar ja da ke fizgar mutum ciki, wanda ta kama kuma kada ya yi kokawa da ita, gefe ake yin iyo a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinta. Sannan kafin ki gama ki tambayi kanki ina masunta za su shanya raga, ina matan da ke ƙyafe kifi za su zauna, in zanenki bai da amsa toh kin kore su ke nan ko da ba ki rubuta ba.

In malamin ya ce yaya za a yi da wajen da yashi ya riga ya ƙare, ki ba shi misalin Holan. A 2011 sun zuba yashi kubik mita miliyan 21.5 a waje ɗaya kusa da Hague suka bar iska da ruwa su rarraba shi a gaɓa cikin shekaru, maimakon su yi ta zubawa duk bayan 'yan shekaru suna binne halittun ƙasan ruwa. Yana da tsada, amma ya bi halin ruwan ne.

TAMBAYA: Haba Malam, mutane na fama da abun da za su ci kuna maganar kunkuru?

AMSA: Na ji ka ɗan'uwa, kuma yunwa ba abun wasa ba ce. Amma tsaya ka ji yadda abun yake. Macen kunkurun teku da dare take fitowa, ta ja jiki har ta wuce inda ruwa ke kaiwa, ta haƙa rami da ƙafafun baya ta zuba ƙwai wajen ɗari ta rufe ta koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fasa su fito cikin dare, kuma ba uwa ba jagora, ɓangaren da ya fi haske kawai suke nufa, wanda tun asali shi ne saman teku. Yanzu ka kunna babbar fitilar otal a bayansu, sai duk su juya su nufi titi, gari ya waye karnuka da hankaki da tayar mota sun gama da su. Maganin kuma mai sauƙi ne, fitila gajera mai jan haske da aka rufe ta ɓangaren ruwa, shikenan.

Kuma wajen da kunkuru ya daina zuwa, ka bincika za ka tarar busasshen yashi ne ya ƙare, gidan masunci ne na gaba. Bankin Duniya ya yi lissafi a ƙasashe huɗu, Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal, ya ce a 2017 kaɗai zaizayar gaɓa da ambaliya da gurɓata sun ci dala biliyan 3.8, sama da kashi 5 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a shekara. Ba masu otal ke fara biyan wannan ba.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa daga Nima a Accra, ni direban tifa ne. Ana ta cewa mu masu ɗiban yashi mu ke jawo teku na cin gari, wasu kuma su ce canjin yanayi ne. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Direba duka biyun, da na uku. Teku na ƙaruwa a hankali saboda ɗumamar duniya, wannan tabbas ne, amma a gaɓarku hannun mutum ya riga shi. Kogin Volta ne ke kawo wa gabashin Ghana yashi, da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yawancin yashin ya riƙa kwanciya a bayanta, ka je Keta ka ga inda tsohon gari yake, rabinsa na cikin ruwa, sai da aka yi babban aikin kariya daga wajen 1999 zuwa 2004, ƙauyen Fuveme kuwa kusan ya tafi gaba ɗaya. Lome da Kwatano su ma tashoshin jiragen ruwansu na shekarun 1960 sun yi musu irin abun da ya samu Bar Beach, yamma yashi na taruwa gabas gidaje na faɗawa. Toh gaɓar da aka riga aka yanke mata abinci, kowace tifa da aka cika daga jikinta ba mai mayarwa. Na san ba kai ke da motar ba kuma akwai bakuna a gida, amma dokar Ghana ta hana ɗiban yashin bakin teku, in an kama kai ne a sitiyari ba mai ginin ba. Ka ma gaya wa masu sayen, yashin teku da ba a wanke ba gishirinsa na sa rodi tsatsa a cikin kankare, ginin da suka yi arahar ne zai fara tsagewa.

TAMBAYA: Malam ni fa ina ganin kuɗin shiga na da amfani, inda ake biya ya fi tsafta kuma 'yan iska ba sa damun mata, na kyauta duk leda ne da robobi.

AMSA: Hajiya gaskiyarki kan ƙazanta da tsaro, ba uwar da za ta kai 'ya'yanta mata inda za a tsangwame su. Sai dai yawancin ledar nan ba masu yawo suka zubar ba, kwatocin gari ne ke kai ta teku da damina ruwa ya dawo da ita, mai get yana da masu shara ne kawai. A karɓi kuɗin kujera da lema da wajen mota da hayar rumfa, a biya masu shara da masu gadi da masu ceto daga ciki, amma taka yashi da kallon ruwa a bar shi kyauta. In kin je Umara kin biya ta Jidda ai kin ga bakin tekunsu, iyalai da tabarmi da filas ɗin shayi har tsakar dare, fes fes, ba mai tambayarki tikiti. A Lome ma duk Lahadi gari ke fitowa bakin ruwa. Kuma a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito an ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, ni dai zuciyata ba ta kwanta da a tsaya tsakanin yarinya da ruwan da Allah ya shimfiɗa a ce sai ubanta ya biya ba. Mutanen Dakar a 2014 da aka fara jan katangar ofishin jakadancin Turkiyya a bakin tekunsu fitowa suka yi, har aka kama wasu, ƙarshe gwamnati ta janye aka rushe katangar.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni mai doki ne, shekara da shekaru ina ɗora mutane a bakin teku a Lekki, da shi nake aika wa gida. In aka yi irin wannan tsarin da kuke faɗa mu korar mu za a yi?

AMSA: Bai kamata ba Baba, ku ma mutanen wajen ne, wanda bai hau doki ba ai bai je bakin tekun Legas ba. Abun da tsari mai kyau zai nema a wajenku kaɗan ne, ku riƙa bi ta jiƙaƙƙen yashi kusa da ruwa inda kofato ba ya ɓata komai, kada doki ya hau tudun ciyawa ko ya yi kiwo a kai, in an kewaye ramin ƙwan kunkuru a kauce masa, a kwashe kashin doki, a ware muku ɓangare nesa da inda ƙananan yara ke wasa, turke da wajen ban ruwa kuma a can baya.

Amma kada ku zauna jiran a tuna da ku, ba a tunawa da wanda ba shi a takarda. Ku haɗu da masu tsire da masu hoto da masu kwakwa ku yi ƙungiya mai rajista, ku san baale, wato mai garin yankin, da shugabannin masunta. Dokar Najeriya ta 1992 kan auna illar manyan ayyuka ga muhalli ta ce kafin a fara babban aiki sai an baje rahoton a fili jama'a su duba su yi ƙorafi, ana ba da kwana 21 na aiki, kuma akan ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma a sa sanarwa a jarida. Ku samu yaro mai karatu cikin 'ya'yanku ya riƙa bibiya, in an baje ku kai ƙorafinku a rubuce da yawanku da shekarun da kuka yi a wajen da inda kuke so a bar muku hanya, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi ku ajiye.